Neman suna: me za mu kira ciyawar ruwan nan da ake ce wa papyrus?

Mai renon dashe, Auyo

Assalamu alaikum jama'a. Taimakon masu harshe da masu gona nake nema. Akwai wata ciyawar ruwa da nake reno a bayan gida, cikin tsohon kwamin da muka daina jiƙa bulo. A wurin masu sayar da furanni a Kano na samo ta, su kuma "fafiras" suke ce mata, wato papyrus ta Turawa. Masana tsirrai suna rubuta sunanta Cyperus papyrus. Ta kama, ta yi toho, har na fara raba ta a tukwane, masu sababbin gidaje a Dutse da Haɗejiya sun fara tambaya. Sai dai duk wanda na ce wa fafiras sai ya tsaya yana kallona, wani ma cewa ya yi ko sabon maganin mura ne. Ina son suna wanda Bahaushe zai ji ya gane abin da ake nufi.

Ga siffarta don wanda bai taɓa gani ba. Kara ne kore mai santsi, babu gaɓa ko ɗaya tun daga gindi har ƙoli, kuma babu ganye a jikinsa sai ɗan ɓawo mai ruwan ƙasa da ya naɗe gindin. In ka murza shi a tsakanin yatsu za ka ji kusurwa uku gare shi. In ka yanka, cikinsa farar totuwa ce mai laushi. A can sama yake da tuntu na siraran zarurruka kore masu ɗimbin yawa, sun bazu ta kowane gefe. Inda ta sami wurin da take so tana kai mita 4 zuwa 5, tawa dai ta ɗan wuce kaina. Saiwarta a kwance take tafiya cikin laka, tana tafe tana fitar da sabon kara.

Manomin shinkafa, Guri

Wa alaikumus salam. Malam, don Allah ka yi mana rai. Wannan da ka siffanta ba ƙanwar kacalla ba ce kuwa? Ka zo nan ka ga abin da kacalla ta yi mana. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye fadamun da iyayenmu suka noma, kwalekwale ba ya ratsawa, jan-baki ya sami wurin kwana yana tashi da asuba ya sauka a kan shinkafarmu. In suna kuke nema ku ce mata kacallar 'yan birni, ku bar ta can wurinsu.

Malamin gona, Haɗejiya

Kawu, tsoronka yana kan hanya, amma sunan bai dace ba, domin ba dangi ɗaya ba ne. Kacalla ganye gare ta, dogaye masu faɗi, kuma kanta zangarniya ce mai ruwan ƙasa wadda in ta bushe take fashewa, iska ta kwashi irin kamar auduga ta watsa ko'ina. Abin da ya ba ta dama a ƙasarmu ma sananne ne. Da can ruwa kan cika fadama da damina, ya janye da rani, ƙasa ta tsage, duk abin da ba ya jure fari ya mutu. Da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka zo aka ƙara ta Challawa a 1992, sai ruwa ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara, wurare da yawa suka daina bushewa. Kacalla kuwa abin da take jira ke nan.

Ita wannan ta Malam, danginta suna nan cikin gonakinmu tun kaka da kakanni. Aya da muke ci 'yar'uwarta ce. Aya-aya da ke hana mu sakat a lambu 'yar'uwarta ce. Kajiji ma haka. Duka sunansu na kimiyya da Cyperus yake farawa. Ka tsinko karan aya ka murza, za ka ji kusurwa ukun nan da ya faɗa. Kajiji ne ya fita zakka, nasa karan zagaye ne. Saboda haka shawarata a nemo sunan daga cikin wannan gidan. In muka liƙa mata sunan kacalla, babu mai bari a shigo masa da ita unguwa, kuma mun koya wa yara kuskure.

Amma kar a ce na wanke ta tas. Inda ruwa ba ya ƙafewa ita ma tana mamaye wuri. A Sudan ta Kudu, a babbar fadamar nan ta Sudd da Kogin Nilu ke ratsawa, takan haɗu da sauran ciyayi ta yi dandamali a kan ruwa, ya ɓalle ya tafi ya toshe hanyar jirage. Abar tukunya ce da kwami a wurinmu, ba ta bakin kogi ba.

Hajiya mai turare, Ringim

To ɗana, tunda ka ambaci kajiji bari in sa baki. Mu ƙamshin saiwarsa muke bi, shi ya sa ba ya rabuwa da haɗin turaren wuta. Mai dashe, ka tono saiwar taka ka shinshina. In tana da ƙamshi sai mu ce kajijin ruwa, in babu ku bar mana sunanmu kada wata amarya ta je ta sayo ta zuba a kasko.

Mai renon dashe, Auyo

Hajiya na tono na shinshina. Warin laka kawai. Kajiji ya tsira.

Alaramma, Kafin Hausa

Salamu alaikum. Abin da kuke nema yana da suna a Larabci tun tuni: bardi. Da wannan karan mutanen Masar na dā suke yin abin rubutu. Sukan feƙe koren bayan, su yanka totuwar siri-siri a tsaye, su jera a kwance, su sake jera wani layin a gicciye a kansa, su danne da abu mai nauyi. Ruwan jikinta shi ke haɗe su, in ya bushe sai a goge ya yi santsi a yi rubutu. Shafin da aka yi haka shi Larabawa suka kira ƙirɗasi, kuma kalmar tana cikin Alƙur'ani, a Suratul An'am aya ta 7. Mu da muka ari alƙalami da tawada da allo daga Larabci, me zai hana mu ari bardi? Gajere ne, ba ya wahalar da harshe.

Malamin firamare, Kirikasamma

Allah ya gafarta Malam, bayanin ya gamsar. Abin da nake hange shi ne kunnen mutanenmu. Muna da barde, muna da bardo tsuntsu. Ka ce wa mutumin ƙauye "na dasa bardi a bayan gida", sai ya tambaye ka na wane sarki. Almajiri da ɗan Islamiyya za su gane, amma manomi da zai sayi tukunya ba zai ga ciyawa a cikin kalmar ba.

Ni da karan Masar na so mu ce. Hausa ta saba da wannan hanyar. Abin da ya zo daga gabas mukan jingina shi ga Masar, ga masara nan, ga gwandar Masar. Na Turawa mu ce dankalin Turawa. Kuma babu ƙasar da ta shahara da wannan tsiro kamar Masar. A 2013 masu tonon tarihi suka gano tsofaffin rubuce-rubuce a kansa a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, shekarunsu wajen 4,500. A ciki akwai littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, yana rubuta yadda suke ɗauko farin dutse daga mahaƙar dutse ta Tura a jirgin ruwa suna kaiwa Giza, inda manyan dalar Masar suke, a zamanin sarki Khufu mai babbar dala. Abin da ya riƙe rubutu tsawon wannan zamani ai ya cancanci a tuna da ƙasarsa.

Wani matashi, Gumel

Ku huta kawai ku ce ciyawar Fir'auna.

Hajiya mai turare, Ringim

Kai yaro, wa zai dasa Fir'auna a tsakar gidansa?

Tsohon masunci, Haɗejiya

Malam na Kirikasamma, ban ƙi ta taka ba, amma ni na yi zaman su a Tafkin Chadi, wajen Baga, kuma wannan karan da idona na gan shi a can, ba a tukunya ba. Daji ne guda a cikin ruwa, in ka shiga da jirgi ba ka hango komai sai sama. Buduma da ke zaune a tsibiran tafkin da shi suke yin jirginsu. Su sare shi, su ɗaure dami-dami da igiya, su lanƙwasa goshin ya ɗaga sama. Ba ƙusa, ba katako. In ya sha ruwa ya yi nauyi sai a jawo shi tudu ya sha rana, in ya ruɓe a yi wani. To abin da ke tsirowa da kansa a nan maƙwabtanmu Barno, don me za mu ba Masar shi? Ba baƙo ba ne, mu ne dai ba mu je inda yake ba.

Malamin firamare, Kirikasamma

Baba ka kayar da ni, kuma tarihi yana bayanka. A 1969 wani Bature ɗan ƙasar Norway, Thor Heyerdahl, ya so ya gwada ko irin jirgin Masarawan dā zai iya ƙetare Tekun Atlantika. Da ya tashi neman masu ɗaura masa jirgin, daga Tafkin Chadi ya ɗauko su, karan kuma daga Tafkin Tana na Habasha aka saro. A Masar ɗin kanta tsiron ya kusa ɓacewa daga bakin Nilu, sai a shekarun 1960 aka sake dasa shi don yi wa masu yawon buɗe ido takardar zane. Yau inda yake da yawa shi ne Sudan ta Kudu, gaɓar Tafkin Biktoriya, fadamar Okabango ta Botswana, da nan Chadi. Na janye karan Masar.

Ɗan manomi, Baturiya

Na nuna wa Baba hoton tsiron, na karanta masa abin da kuka rubuta. Ya yi dariya ya ce 'yan boko kuna neman jaki kuna kansa. Ya ce wannan ai babbar yayar gwaigwaya ce. Gwaigwaya tana nan a fadamarmu, doguwa, karanta kusurwa uku, kanta ya bazu a sama. Ya ce bambancin da ya gani biyu ne: tamu tana da dogayen ganye daga gindi kuma ba ta kai wannan tsawo ba, sannan tuntun wannan ya fi laushi da cika. Ya ce in shi aka kawo wa ita ba tare da an ce komai ba, gwaigwaya zai ce.

Malamin gona, Haɗejiya

A gaishe mana da Baba, Allah ya ƙara masa lafiya. Wannan shi ne abin da nake ta lalube. Gwaigwaya Cyperus ce ta gaskiya, ta fadama, doguwa, wato ta fi aya da kajiji kusa da ita a siffa da wurin zama. Duk wanda ya tashi a bakin fadama in ya ji kalmar ya riga ya ga tsiron a ransa, ya san ruwa take so, ya san ba bishiya ba ce, ya san ba a cin ta. Saura ɗan abin da zai raba ta da tamu ta gida.

Alaramma, Kafin Hausa

To ku ce gwaigwayar takarda mana. Akwai ma wani abu da ya ƙara mini son haka. Masu nazarin harshe sun ce kalmar takarda ta bakin Buzaye ta iso mana, kuma tushenta ɗaya da ƙirɗasi: wata kalma ce ta Girkawa da Rumawa wadda asalin ma'anarta shi ne shafin da aka yi da wannan karan. Ashe tun da daɗewa muna ambaton tsiron ba mu sani ba.

Amma ina roƙon kada a jefar da bardi. Turawa da kalma ɗaya suke kiran tsiron da kuma shafin, mu babu abin da ya tilasta mana haka. Mai fassara labarin tarihi ba zai ce "an gano tsohuwar gwaigwayar takarda mai rubutu" ba, zai rikita mai sauraro. Ya ce an gano takardar bardi.

Wani matashi, Gumel

Gwaigwayar takarda ta yi tsawo fa, Malam. Kafin ka gama faɗa mai saye ya wuce.

Malamin firamare, Kirikasamma

Dankalin Turawa ma gaɓa nawa ne, ya hana a saye shi? Baki ne zai rage wa kansa. A wurin mai dashe, inda babu wata gwaigwayar, "gwaigwaya" kawai za a riƙa cewa. Cikakken sunan na aji ne da rubutu. Ni na karɓa, duka biyun.

Mai renon dashe, Auyo

Na gode ƙwarai, na karɓa. Tsiro gwaigwayar takarda, shafi takardar bardi. Tunda an taru, ga ragowar matsalata guda biyu.

Ta farko, masu furanni suna sayar da wata ƙarama da wannan sunan na fafiras, alhali ba ita ba ce. Ba ta cika wuce ƙugu ko ƙirji ba, kuma a maimakon siraran zarurruka, ganye ne masu ɗan faɗi suka kewaye kan karan suka baje kamar haƙarƙarin lema. Ta biyu, shi kansa wurin da ake shuka irin waɗannan a cikin ruwa don ado, me za mu ce masa? Na ji wasu suna cewa lambun ruwa.

Malamin gona, Haɗejiya

Ƙaramar ita ce Cyperus alternifolius, asalinta daga Madagaska. Turawa ma da lema suka siffanta ta, kuma duk wanda ya gan ta abin da zai fara faɗa ke nan, don haka 'yar lema ta wadatar. Ka raba su tun a wurin sayarwa, domin renonsu ba ɗaya ba ne. 'Yar lema tana da wata dabara: ka yanko kan da ɗan kara kamar tsawon yatsa, ka rage ganyen da almakashi zuwa rabi, ka kifa shi cikin kofin ruwa kai a ƙasa. Bayan ɗan lokaci za ka ga fararen saiwoyi da sabon toho suna fitowa daga tsakiyar ganyen, sai ka dasa. Tana kuma jure inuwa-inuwa. Gwaigwayar takarda ba ta cika yarda da wannan wasan ba. Ita sai ka zare ta daga tukunya, ka sa wuƙa mai kaifi ka yanka saiwar gunduwa-gunduwa, kowace da idon toho da 'yan jijiyoyinta, ka dasa nan take kafin ta sha iska.

Lambun ruwa kuwa ban so shi ba. Wane lambu ne ba na ruwa ba? Ka faɗa wa mutumin Auyo lambun ruwa, tumatir da albasa zai gani. Abin da kake da shi kwami ne, aikinsa ƙawata gida. Ka ce kwamin ƙawa. In babba ne wanda aka haƙa a ƙasa, tafkin ƙawa.

Bari in ƙara da abin da za ka riƙa gaya wa masu saye, don kada ta mutu a hannunsu su ce ka cuce su. A dasa ta cikin babbar tukunya mai faɗi da ƙasar fadama mai nauyi, ba yashi ba, ba kuma dusar katako ba, don waɗannan tasowa suke yi su ɓata ruwan. In za a sa taki, ruɓaɓɓe kaɗan a can ƙasan tukunya, a rufe da laka, a zuba tsakuwa a sama. Taki in ya yi yawa ruwan kore zai koma cikin 'yan kwanaki. A nutsa tukunyar har ruwa ya rufe bakinta da kamar faɗin tafin hannu. Kada a kai ta zurfi, gindinta ne ke son ruwa, ba karan ba. Rana take so sosai. Abokan gabarta a nan biyu ne: iskar hunturu da zafin bazara. Karan da iska ta karya ba ya miƙewa, sai dai a yanke shi daga gindi, saboda haka a ajiye kwamin a jikin katanga ta inda iskar gabas ba ta bugowa, a ɗora dutse a kan tukunyar kada ta kife. Da bazara kuma ruwa gudu yake yi, rana tana sha ita ma tana sha, dole a riƙa dubawa kullum. Wanda kwaminsa ke kusa da wurin alwala ya huta, sai ya juyo ruwan can, in dai ba mai sabulu da yawa ba ne. Tana iya wa ruwa mai datti, a Kampala ta Uganda ma fadamar Nakivubo da take tsirowa a ciki tana taimakawa wajen tace ƙazamin ruwan birnin kafin ya faɗa Tafkin Biktoriya.

Hajiya mai turare, Ringim

Duk na ji, amma sauro fa? Ruwa a kwance a tsakar gida, ga jikoki.

Tsohon masunci, Haɗejiya

Hajiya a zuba 'yan ƙananan karfasa, su za su cinye 'ya'yan sauron tun suna cikin ruwa. Kada a sa tarwaɗa, za ta tone lakar ta dagula kwamin. Kuma duk wanda zai ɗebo bado ko kainuwa daga fadama ya haɗa, ya wanke saiwar sosai ya tsince katantanwa, don su ne masu ɗauke da tsargiya. Yara kuma a hana su wanka a ciki.

Manomin shinkafa, Guri

To na ji ba kacalla ba ce, na bar muku gwaigwayar takarda. Amma Malam na Auyo, kai da kake zaune a bakin hanyoyin ruwan noman rani, ga sharaɗina. Ranar da ta cika tukunya kuka rage saiwa, kada a watsa a kwata ko a bakin kanal. A shanya ta a kan dandamali ta bushe ƙarau a ƙone. Ruwan da ya wuce ta ƙofarku wurinmu yake zuwa.

Mai renon dashe, Auyo

Na ɗauka, Kawu. Duk wanda ya saya zan gaya masa haka, kuma wanda gonarsa ke bakin ruwa ba zan sayar masa ba. Baba masunci, a ina zan sami 'ya'yan karfasar masu rai, kuma guda nawa za su ishi kwami mai faɗin taku huɗu?